Matakalar da Na Shayar a Landan

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba. Shekaru sun ja, yaron nan yau shi ma furfura ta fara leƙo masa a gemu, amma har gobe in na ga ana kwaɓa siminti a bakin hanya sai in ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Na daɗe ina ɓoye labarin. Daga baya na lura waɗanda suka halarci abin ba su ɓoye shi ba, kowa yana bayarwa da nasa ƙarin gishirin, shi ya sa na ga gara ku ji daga bakin mai abin.

Zamanin kuɗin fetur ne, lokacin da nairarmu take kallon fam ɗin Ingila ido cikin ido ba ta ƙiftawa. Gwamnati ta turo ni Landan karatun sha'anin mulki, makarantarmu tana unguwar Aldwych, na taho da matata Bilki amarci bai gama sakinmu ba. Muka kama haya a wani tsohon gida a arewacin birnin, mu ke da hawan farko da ɗakin ƙasa inda kicin yake. Gidan ƙofa biyu gare shi. Akwai babba, wadda sai ka hau wata 'yar matakalar siminti kafin ka kai gare ta, akwai kuma ƙarama ta gefe, da ake gangarawa ta wani ɗan lungu a shiga ta kicin.

Matakalar nan ta babbar ƙofa ta ga duniya. Sanyin shekara da shekaru ya cinye ta, bakin kowane hawa ya gutsure, fuskarta tana ɓarewa ɓawo-ɓawo, ga wani rami a tsakiya da yake jiran dugadugan wanda bai san gidan ba. Na buga wa mai gidan waya, wani tsohon Bature da yake zaune can wani gari a bakin teku, ya ce ya sani, za a gyara, amma sai sanyi ya wuce, wajen Afrilu. Na ajiye waya na ce a raina, ka ji rowa da Turanci.

Bilki ta haihu cikin Janairu, sanyi yana tsakiyar ganiyarsa. Mahaifiyarta, Hajiya, ta riga ta iso tun kafin haihuwar, da kanwa da gero da daddawa da busasshen ganyen wanka, akwatunan da ban san yadda aka yi suka wuce ma'aikatan filin jirgi ba. Ranar da ta sauka, ƙafarta ta faɗa ramin nan na matakala, sai da na tare ta da akwati. Ba ta ce mini komai ba (surukar kirki ba ta yi wa suruki faɗa, waya take nema). Duk abin da ta gani a gidan, daga matakala har iskar da take shigowa ta ƙasan taga, sai da ya isa kunnen mijinta Alhaji a Kano.

Kwana biyu da haihuwa na shiga ɗaki na tarar da Bilki tana kuka. Ta ce Alhaji zai zo suna, kuma da zarar likita ya yarda jariri ya hau jirgi, zai tafi da su gida, ta yi wankan jego a gaban iyayenta kamar kowace mai haihuwar fari, in ta yi arba'in a gani. Na san ma'anar "a gani" a bakin dattijo. Saura mini shekara biyu in gama karatu, ke nan sai yaron ya fara gudu zan sake ganinsa. Ita ba ta son tafiyar, amma ba ta da bakin da za ta musa wa mahaifinta, ni kuwa balle.

Ta share ido ta ce, "Amma Inna ta ce bai yanke ba tukuna. Wai sai ya ga gidan da idonsa."

Wannan maganar ce ta hana ni zama. Alhaji ɗan kwangila ne, a lokacin shi yake gina wa gwamnati gidajen ma'aikata, mutumin da in ya shiga gida kafin ya amsa gaisuwa ya gama karanta bango da daɓe. Ni kuma tsoronsa nake ji, tsoro na gaske. Tun da na auri 'yarsa maganarmu ba ta taɓa wuce "an wuni lafiya" ba, ina durƙushe kaina a ƙasa, har na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa. To irin wannan mutum ne zai sauko daga mota, abin da zai fara cin karo da shi kuwa matakalar nan ce. Na ce wallahi ba za a raba ni da iyalina a kan abin da bai fi buhun siminti ɗaya ba.

Kada ku ɗauka haka kawai na tashi da karambani, ina da hujja. Kawuna Sale yana da gidan bulo a Kano, kuma duk hutun makaranta can ake tura ni. Ban taɓa ɗora bulo a kan bulo ba, gaskiya, amma akwai aikin da ya zama nawa ni kaɗai, wato ban ruwa. Safe da yamma ina zagaya sababbin bulo da bokiti ina shayar da su. A garinmu kowa ya san wannan, simintin da aka bari ba ruwa rana ce za ta tsotse shi ya tsattsage ya koma gari. Ranar da na tafi ƙwallo na tsallake na yamma, Kawu ya karanta mini darasin da dorina, bai kuma fita daga kaina ba. Saboda haka a ganina rabin ilimin gini yana hannuna, ɗaya rabin kuma na ga ana yi.

Na je shagon kayan gini na sayi siminti da cokalin magina da guduma da kurfi da 'yan katako, har da yashi (a Landan yashi ma a buhu ake sayar da shi, ba na son tunawa). Mai shagon ya dubi kayan, ya dubi waje, ya yi wata doguwar magana a kan yanayin makon. Na gyaɗa kai na yi murmushi. Ai Bature ko gaisuwa zai yi maka sai ya sako zancen hadari da sanyi, na ɗauka irin tasu ce ta "ina gajiya". Da na rasa abin ɗauko kayan, sai na koma gida na sulalo da sabon keken jariri da muka saya, na loda siminti a ciki na rufe da mayafi don kada yayyafi ya taɓa shi. A hanya wata tsohuwa ta tsayar da ni fuskarta cike da fara'a, ta ɗaga mayafin za ta ga jinjiri. Ta dube shi, ta dube ni, ta mayar da mayafin a hankali ta wuce.

Aikin kam, ko yanzu zan faɗa, na yi shi da zuciya ɗaya. Na farfasa duk inda ya ruɓe har sai da na kai ga mai ƙwari, na share ƙura da buroshi, na jiƙa tsohon simintin don sabon ya kama, na kafa katako a bakin kowane hawa. Na kwaɓa a kan wani tsohon faifan ƙarfe, na cike ramuka, na daddanna. Yatsuna suka daskare har ba na jin cokalin a hannuna, bayan hannuna ya tsage yana jini. In na ji kamar in bari, sai in jiyo kukan yaron daga ciki, in sake dumbuzo kwaɓi.

Da na zo gamawa sai gwaninta ta motsa. Na lura matakalun maƙwabta duk fuskarsu kaushi gare ta, kamar an ja tsintsiya a kai, na ce ka ga rashin iya aiki. Na yayyafa siminti zalla a kan nawa, na dinga gogawa da bayan cokali, ina gogawa, har sai da ya yi sumul irin daɓen ɗakin amarya. Na ɗaura igiya a gaba don kada kowa ya taka, na sanar a gida cewa daga yau ta kicin za a riƙa shiga.

Sai kuma na shiga fannina. Safe da yamma ina fitowa da bokiti ina ba matakala ruwa. Kwanakin nan gari a lumshe yake, ana ɗan yayyafi, sanyin bai kai na cizo ba. Abin da ya dame ni ɗaya ne, simintin ya ƙi yin ƙwari da wuri, in na danna da farce sai ya lotsa. Na zauna na yi nazari irin na ɗan jami'a, na gano cewa ruwa ne bai ishe shi ba, na ƙara masa. Hajiya tana kallona ta taga. A rana ta biyu ta aiko Bilki ta ce a yi mini sannu da aiki, abin da ba ta taɓa yi ba. Ranar ko abinci ban ci da yawa ba, yabon ya ƙosar da ni.

Jajibirin suna da yamma gajimare ya yaye. Bayan magariba na fito na ga taurari, karo na farko cikin makonni, na ce alhamdu lillahi, alama ce ta alheri, gobe za a yi taro ba ruwan sama. Sanyi yana yankan kunne kamar reza, amma ban kawo komai a raina ba. Na cire katakon, na ga bakin kowane hawa ya fito tsaf. Na tuna gobe hidima ba za ta bar ni in yi ban ruwa ba, sai na ce bari in haɗa masa na yau da na gobe. Na kwarara masa bokiti bayan bokiti tun daga sama har ƙasa, na tsaya ina kallon yadda ruwan yake kwanciya a kan sumul ɗin nan, na shiga gida ina jin kaina.

Sunanmu na safe ne kamar yadda aka saba a gida, ana idar da asuba ake taruwa. A Landan cikin Janairu kuwa lokacin fitilun titi ba su mutu ba. Baƙi suka fara isowa, ɗalibai 'yan uwana, da wasu ma'aikatan ofishin jakadancinmu daga wajen Charing Cross, da malamin da zai raɗa suna, da abokina Dakta Isa wanda yake aiki a wani asibiti. Na tsaya a bakin lungu kamar ɗan sandan hanya, duk wanda ya nufi babbar ƙofa in tare shi in nuna masa ta kicin. Na ce wannan ta Alhaji ce, shi zai fara taka ta. Dakta Isa yana wucewa ya murza hannu ya ce, "Yau fa an yi frost, a yi taka-tsantsan." Na ce masa to, shiga ka sha shayi. Na waiga na dubi matakalata a hasken fitila, tana wani irin ƙyalli da ban taɓa gani a siminti ba. Wallahi har ƙwalla na ji, na ce ashe haka hannuna yake.

Alhaji a gidan wani amininsa ya sauka, kusa da Regent's Park, don suruki ba ya kwana a gidan suruki. Ina hango tasi ta karyo kwana na kwance igiyar, na ruga ta kicin, na haye sama, don in buɗe masa babbar ƙofa daga ciki kamar cikakken maigida. Na buɗe. Ga shi ya fito cikin babbar rigar shadda fara mai sitaci, da takalmin fata mai santsin ƙasa, rungume da ƙunshin goron da ya taho da shi daga Kano. Ya tsaya ya ƙare wa matakalar kallo, na ga ya ɗan gyaɗa kai. Ya kama ƙarfen gefe ya ɗora ƙafa a hawan farko.

Ladabi ne ya kashe ni. Na ga bai dace ina tsaye a sama surukina yana ƙasa ba, sai na fito da sauri zan durƙusa in tarye shi. Ƙafar dama na fara sawa, ban kuma san inda ta hagu ta bi ba. Abin da na sani kawai na ga taurari sun koma gabana, mazaunaina sun daki siminti, na taho sululu kamar an turo buhun gyaɗa, ina ƙirga hawa da ƙashin bayana. Sallamar da na ɗauko a sama ban ƙarasa ta ba sai a ƙafafun Alhaji. Na kwashe su gaba ɗaya. Ya yi sama, goro ya yi sama, ya dawo ya sauka a kaina, babbar rigar ta baje ta rufe mu mu biyu.

Jama'a, na shiga duhu a rayuwata, amma ban taɓa shiga irin na cikin rigar surukina ba. Ga ƙamshin turarensa, ga gemunsa a goshina, ga numfashinsa a fuskata. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, yau hancina yana gogar nasa. Na rasa abin da ake cewa a irin wannan hali, don ba a koya mana ba, sai na ji bakina ya ce, "Barka da asuba, Baba. An zo lafiya?"

Ya ce, "Da dai an zo lafiya."

Kafin a yaye rigar, kowa ya fito. Baƙi sun yi cirko-cirko a bakin lungu, Hajiya tana salati ta taga, mai tasi ya fito yana tsince goro a kan titi yana jujjuya shi, bai san ko mene ne ba. Aka janye ni, aka zaunar da Alhaji a hawan ƙasa. Dakta Isa ya cire masa takalmi, idon sawun ya riga ya fara kumbura. Ni kuwa ina gefe a tsugune, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. A nan ne, ba wanda ya gaya mini, abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Ruwa, da sanyi. Sau da yawa da safe nakan ɗauki kwalbar madara a ƙofar gidan nan ta daskare har ta ture murfinta, ban taɓa haɗa wannan da bokitina ba. Ƙyallin da na yi wa ƙwalla ƙanƙara ce, frost ɗin da Dakta ya faɗa, ni na shimfiɗa ta da hannuna, a kan daɓen da na goge don kada ƙafa ta sami abin kamawa.

Alhaji bai ma bi ta kan ƙafarsa ba. Hannu ya miƙa inda faɗuwarmu ta fasa ƙanƙarar, ya ƙwaƙulo simintin da yatsa, ya murza. Ya ruguje a hannunsa kamar garin rogo. Ruwan da ke cikinsa ya daskare ya farfasa shi tun bai kama ba.

Ya ce, "Wane birkila ne ya yi wannan aikin?"

Duk wanda yake tsaye a nan ya san amsar, don ba wanda ban yi wa burga ba a makon. Na ce da muryar da ni kaina ban gane ta ba, "Ni ne, Baba."

Ya juyo ya dube ni sosai, ina jin karo na farko ke nan. Idonsa ya sauka a kan hannuwana da suka tsattsage. Ya tambayi yadda na yi kwaɓin, na faɗa masa. Ya tambaya ko na fasa ruɓaɓɓen kafin in zuba sabo, na ce na fasa.

"Ka ba shi ruwa?"

"Safe da yamma, Baba. Jiya ma ninkawa na yi."

Na ga Dakta Isa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Wani ɗalibi ya cusa hularsa a baki. Alhaji bai ko murmusa ba. Ya kakkaɓe hannu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "To ai ka yi abin da ake yi. Simintin ƙasar nan ne ba shi da albarka. A ɗaga ni, kada lokacin suna ya wuce."

Kun ɗauka an gama? Dakta ya ce kada ya taka ƙafar ko kaɗan. Babbar ƙofa ba ta hawuwa, lungun kicin kuwa mutum ɗaya yake ɗauka, ba damar a tallabe shi ta gefe biyu. Sai goyo. Aka dubi juna, sannan kowa ya dube ni, don ba a sa baƙo ya goyi surukin wani. Na durƙusa, aka ɗora mini Alhaji a baya, na tallabo shi kamar yadda ake tallabo yaro, na fara gangarawa. Muna tsakiyar lungun ya sunkuyo daidai kunnena ya ce a hankali, "Malam, wannan ma kai ka gyara?" Na ce a'a, Baba. Ya ce to alhamdu lillahi, mu je.

Aka raɗa suna ƙafar kakan yaro tana kan matashi. Aka yi addu'a, aka raba goron da aka tsinto, ba wanda ya dubi inda nake, abin da ya fi kallon ciwo. Daga nan sai asibiti. Hoto ya nuna ƙashi ya tsage, aka naɗa masa filasta, aka ce ba shi ba doguwar tafiya sai bayan makonni. Gidan amininsa can saman bene yake, ba na'urar hawa, dole aka shimfiɗa masa gado a falonmu. Garin gyaran gira na rasa ido, ga shi kuma idon ya tare a gidana.

Haka Hajiya ta yi wa 'yarta wankan jego a bahon Turawa, tana dafa ruwa da manyan tukwane a kan gas, tururi yana tashi har takardar bango ta fara saɓulewa. Ni kuma kafin in kama hanyar Aldwych sai na kai wa Alhaji ruwan alwala, na ba shi kafaɗa zuwa bayan gida, na jira shi a bakin ƙofa ina kallon silin. Kunyar surukuta ba ta jure irin wannan. Sati bai cika ba muka fara sauraron labarai tare a rediyo, daga nan ya fara tambayata abin da ake koya mana, daga nan ya fara musu da ni a kai.

A waje kuwa na zama abin hira. Ɗalibai suka sa mini suna Injiniya. Wasu suka ce ai da gangan na yi, in ba haka ba me ya sa na bi da kowa ta kicin na ware wa surukina tarko shi kaɗai, ga shi kuwa tafiya ta fasu, gaba ta kai ni. Wannan ta yi mini zafi ƙwarai, don ko a mafarki ban taɓa nufin dattijon nan da ko ƙwarzane ba. Kuma ba su san tafiyar ba ta fasu ba, ɗage ta aka yi. Kullum na ɗauki yaron sai in tuna har yanzu ana iya tafiya da shi. Mutumin da ya zo duba ko gidana ya isa a bar masa 'yarsa, na karya shi a bakin ƙofa, wace shaida kuma yake nema?

Matakalar kuwa da ƙanƙara ta narke, da tsintsiya na share aikina, ko guduma bai buƙata ba. Da gari ya ɗan sassauta mai gidan ya turo magina tun kafin Afrilun da ya ce. Alhaji ya sa na ja masa kujera bakin taga, ya wuni yana kallonsu. Ya ga sun ja buroshi a kan ɗanyen simintin don ya yi kaushi, ya ga sun lulluɓe shi da buhuna da tamfol kafin su tashi. Ya jinjina kai ya ce ikon Allah, a nan bargo ake ba shi.

Bayan an yi arba'in aka cire filasta. Da yamma ya kira ni falo, ya ce in je gobe in yi musu booking na jirgi. Na durƙusa. Na daɗe ina kallon takalmansa kafin in iya tambayar na mutum nawa.

Ya ce, "Ni da Hajiya mana. Ko akwai wanda kake son korewa?"

Na sa hannun riga ina goge ido. Ya bar ni na gama share fuska, sannan ya ce, "Malam, ka ɗauka ban san ƙanƙara ba ce? A kanta fa na zauna. Ba a tozarta mutum a ƙofar gidansa ranar sunan ɗansa, shi ya sa na ɗora wa siminti. Ni hannunka na duba. Wanda ya fita cikin wannan sanyi ya yi wa hannunsa haka don kada a tafi da iyalinsa, ba ni zan raba shi da su ba." Ya shafa idon sawunsa. "Amma don girman Allah ka riƙe biro. Ka bar wa masu cokali cokalinsu."

Na riƙe biro, har na yi ritaya ban sake taɓa kwaɓi ba. Darasin da na samu bai da yawa, amma na biya shi da tsada, ko in ce Alhaji ya biya mini. Gwanintar da ka ƙunso daga gida, kafin ka kwance ta a garin mutane, fara tambayar mutanen garin yadda nasu yake. In kuma ka ƙi ji ka yi aikinka, har ya yi maka kyau kana ƙwalla, to ka fara taka shi da ƙafarka kafin ka gayyato surukinka.